Itace, rijiya da kujerar malanta: halitta da shugabancin mata a Yahudanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina karatun addinai a jami'a. An ba mu aiki a kan Yahudanci, sai na ci karo da abubuwan da suka ɗaure mini kai. Wai suna da idin itatuwa, wai kuma mace tana iya zama babbar malamar majami'a. A wani rubutu ma na ga ana cewa ƙasa da mace abu ɗaya ne a ruhaniyarsu, shi ya sa mai girmama ɗaya dole ya girmama ɗayar. Mene ne gaskiyar wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abu biyun farko da kika ji gaskiya ne. Na ukun akwai gyara a cikinsa, kuma shi ne wanda ya fi damuna, domin ɗalibai da yawa suna kwafe shi a takarda ba tare da sun auna shi ba.

Kafin komai ki riƙe cewa Yahudawa ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu riƙe da shari'ar malaman farko yadda suka gada, su ake kira Otodoks. Akwai 'yan Rifom, waɗanda suka ɓullo a Jamus a ƙarni na 19, masu ganin hukunci yana tafiya da zamani. Akwai na tsakiya, 'yan Konsabatib. Sannan karatunsu bai tsaya a Attaura ba. Akwai Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, da Talmud, sharhinta mai faɗi da malaman Babila, wato Iraƙi ta yau, suka kammala wasu ƙarnoni bayan nan. Yawancin abin da Bayahude mai ibada yake yi daga asuba zuwa kwanciya daga nan aka ciro shi. Abin da zan kawo miki maganarsu ce, yadda take a littattafansu.

Mu fara da ƙasa. A Ibrananci mutum shi ne adam, ƙasar noma kuwa adama. Harafi ɗaya ya raba sunan uban mutane da sunan turɓayar da aka yi shi da ita. Littafin Farawa ya ce an ajiye shi a lambun Adnin domin ya yi masa aiki, ya kuma tsare shi. Gaskiya ne a surar da ta gabaci wannan an ce wa mutum ya cika duniya ya mallake ta, kuma masu ɗora wa Yahudanci da Kiristanci laifin ɓarnar muhalli wannan ayar suke kamawa. Sai dai malamansu ba su karanta ta ita kaɗai ba. Suna haɗa ta da abin da ya zo a Littafin Firistoci sura ta 25, inda Ubangiji ya hana a sayar da ƙasa sayarwa ta dindindin, domin ƙasa tasa ce, mutane baƙi ne masu zaman aro a wurinsa. Wanda ya tashi da kalmar amana a kunnensa ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Daga nan hukuncin shemita ya fito. Shekara shida a yi noma, ta bakwai a bar gona ta huta. Ba huɗa, ba shuka, ba datse rassan inabi. Abin da ya tsiro da kansa kuma ba na mai gona ba ne shi kaɗai, matalauci ya ɗiba, baƙo ya ɗiba, dabbar gida da ta daji su ci. Manomanmu sun san barin gona saura don ta farfaɗo, amma a nan ba dabarar noma ce manufa ta farko ba. Asabar ce aka yanka wa ƙasa, kamar yadda aka yanka wa mutum da jakinsa rana ɗaya cikin bakwai. Hukuncin ya rataya ne a kan ƙasar da suke kira mai tsarki kawai, don haka ya yi ƙarnoni yana kwance a littafi. Da Yahudawan gabashin Turai suka fara kafa gonaki a Falasɗinu, sai shekarar hutu ta 1888 zuwa 1889 ta riske su, ga bashi ga iyali. Wasu malamai suka ba da fatawar a sayar da gonar na ɗan lokaci ga wanda ba Bayahude ba, domin a ci gaba da noma. Wasu suka ce wannan wayo ne ake yi wa shari'a. Har yau ba a gama wannan gardama ba. Shekarar hutu ta baya-bayan nan ita ce 2021 zuwa 2022, mai zuwa kuma za ta kama a watan Satumban 2028.

Hukuncin da ya fi shiga rayuwar yau da kullum shi ne wanda suke kira bal tashhit, ma'ana kada ka lalata. Asalinsa aya ce ta yaƙi a Maimaitawar Shari'a sura ta 20: idan kun yi wa birni ƙawanya, kada ku sa gatari a itacen da ake cin 'ya'yansa. Ayar ma tambaya ta yi, shin itace mutum ne da za ku yaƙe shi? Duk wanda ya karanta Muwaɗɗa zai tuna wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, inda ya hana sare itace mai 'ya'ya. Malaman Yahudawa suka ce idan an hana wannan a fagen fama, inda rai ke kan siraɗi, to ina ga lokacin zaman lafiya? Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba ta Andalus wanda ya rasu a Masar a 1204, likita kuma babban masanin fiƙihunsu, ya faɗaɗa hukuncin a littafinsa Mishne Tora. Ya ce mai fasa kwano, mai yaga tufa, mai rushe gini, mai toshe idon ruwa, mai zubar da abinci don ɓarna, duk sun taka wannan hani. A wani littafinsa da ya rubuta da Larabci, Dalalatul Ha'irin, ya ƙara da cewa kada mutum ya zaci duk halittu dominsa aka yi su, kowace halitta an nufe ta ne don kanta.

Ƙananan hukunce-hukuncen su ne suke burge ni, domin a cikinsu ake jin ƙanshin gona. Kada a sa wa sa takunkumi yana sussuka. Kada a haɗa sa da jaki a garma ɗaya, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Mutum ba ya zama cin abinci sai ya ba dabbobinsa. Mai girbi ya bar kusurwar gonarsa, kuma zangarniyar da ta faɗi kada ya koma ɗaukarta, rabon masu kala ce. Littafin Rut gaba ɗayansa a gonar sha'ir aka gina shi, labarin baƙuwa gwauruwa mai kala wadda ta zama kakar mahaifin Annabi Dawuda. Sabon dashe ba a cin 'ya'yansa sai ya wuce shekara uku. Mishna ta kai har ga tsarin gari, ta ce a nisanta majema da maƙabarta kamu 50 daga gidaje, majemar kuma a gabashin gari za a yi ta. A ƙasar tasu iska daga teku take kaɗowa, ta yamma, sai ta kwashe warin ta yi waje da shi.

Idin itatuwan da kika ji shi ne Tu Bishbat, ranar 15 ga watan Shebat, wadda take faɗowa a Janairu ko Fabrairu. Asalinta ba biki ba ce. Ranar lissafi ce, da ita ake ƙirga shekarun itace domin fitar da zakkar 'ya'yansa. Masu ilimin asirin da ake kira Kabbala, waɗanda suka taru a garin Safad a ƙarni na 16, da almajiran da suka biyo bayansu, su suka mai da ita zaman zikiri a kan tabarmar 'ya'yan itace. Ana jera iri uku: masu ɓawo a waje irin su rumman, masu ƙwallo a ciki irin su dabino da zaitun, da waɗanda ake cinye su dukkansu irin su ɓaure. Kowane iri yana nuni ga wani mataki na halitta, daga wanda alheri yake a ɓoye cikin ɓawo zuwa wanda babu abin yarwa a cikinsa. Ana shan kofi huɗu na ruwan inabi, a fara da fari, a riƙa ƙara ja har na ƙarshe ya zama ja wur, kamar yadda ƙasa take tashi daga sanyin hunturu zuwa nunar amfani. A zamaninmu ranar ta koma ta dashen itatuwa da wa'azin muhalli.

A wannan zama akan ba da labarin Honi, wanda Talmud ya kawo. Ya ga wani mutum yana dasa itacen da Larabawa ke kira kharrub, mai dogayen 'ya'ya kamar na ɗorawa. Ya tambaye shi shekara nawa zai yi kafin ya haihu, ya ce 70. Ya ce kana da tabbacin za ka kai? Mutumin ya ce na tarar da duniya da waɗannan itatuwa, kakannina suka dasa mini, ni ma ina dasa wa jikokina. Akwai kuma maganar da ake jingina wa Yohanan ben Zakkai, cewa idan dashe yana hannunka aka ce maka ga Almasihu ya zo, ka fara dasa shi tukuna sannan ka je taryarsa. Musulmi zai ji wannan ya tuna hadisin da ya ce idan alƙiyama ta tsaya alhali da dashen dabino a hannun ɗayanku, to ya dasa shi.

Sai addu'o'i. Suna da ta jin tsawa, da ta ganin walƙiya, da ta bakan gizo, da ta ganin teku, da wadda ake yi sau ɗaya a shekara idan itatuwa suka yi fure a watan Nisan. Talmud ya ce wanda ya mori wani abu na duniya ba tare da ya yi wa Ubangiji godiya ba, kamar ya ci dukiyar Haikali ne, wato babban ɗakin ibadarsu na dā a Birnin Ƙudus. Rabbi Nahman na Bratslab (rabbi shi ne malamin addini a wurinsu), wanda ya rasu a 1810, yakan umarci almajiransa su fita daji su kaɗai su yi magana da Ubangiji da harshen da suke magana a gida, yana cewa kowace ciyawa tana da waƙarta, kuma waƙar tana shiga addu'ar mai addu'a ta ƙarfafa ta.

Amma kada ki ɗauka bautar halitta ce. Attaura ta yi kakkausan hani ga dasa itacen tsafi kusa da bagadi, domin maƙwabtansu Kan'aniyawa suna bauta a gindin itatuwa. A Mishna ma akwai wata magana mai zafi, cewa wanda yake tafiya yana bitar karatunsa, ya katse don ya ce kai, wannan itace da kyau yake, ya jawo wa ransa. Masu sharhi sun yi ta ƙoƙarin sassauta ta, amma tana nan, tana nuna cewa a gidan malaman Talmud littafi ne gaba, daji yana baya.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, domin na san yana ranki kamar yadda yake raina. Mai karanta ayar hana sare itace a lokacin yaƙi, sannan ya ga yadda ake tumɓuke zaitunan manoman Falasɗinawa a Yammacin Kogin Jodan, dole zuciyarsa ta yi ƙuna. Nassi daban, aikin gwamnati da 'yan kama-wuri-zauna daban. A cikin Yahudawan ma akwai masu kafa hujja da wannan ayar a kan 'yan uwansu. Wata ƙungiyar malamansu masu kare haƙƙin ɗan Adam, wadda aka kafa a 1988, takan tura mutanenta su raka Falasɗinawa gonakinsu lokacin tsinkar zaitun, su tsaya tsakaninsu da masu kai musu hari. Haka nan Tekun Gishiri yana janyewa da kusan mita ɗaya kowace shekara, saboda an karkatar da ruwan Kogin Jodan, ana kuma kwasar ma'adinai a kudancinsa.

Yanzu mata. Bari in fara da abin da na gani da idona. Lokacin da nake karatu a Ingila, wani abokin karatuna Bayahude ya gayyace ni gidansu ranar Juma'a da yamma. Saura 'yan mintoci rana ta faɗi, mahaifiyarsa ta yafa gyale, ta kunna kyandir biyu, ta kewaya hannuwanta a kan harshen wutar sau uku kamar mai jawo hasken zuwa fuskarta, ta rufe idanunta da tafukanta tana addu'a a hankali. Kowa ya yi tsit. Da ta buɗe ido, Asabar ta shiga gidan ke nan. Da aka zauna cin abinci, maigidan ya rera mata ƙarshen Littafin Karin Magana, yabon mace ta ƙwarai, wadda aka ce takan duba gona ta saye ta, ta dasa inabi da guminta. Washegari na bi su majami'a. Matar nan, wadda likita ce babba, ta hau bene ta zauna tare da sauran mata. A ƙasa aka jira sai da maza goma suka cika kafin a fara sallar jam'i. Ita ba ta cikin ƙirgen.

Wannan benen da wancan kyandir duk Yahudanci ne, kuma duk suna da nassi.

Talmud ya lissafa annabawa mata bakwai: Saratu, Maryamu yayar Annabi Musa, Debora, Hannatu, Abigel, Hulda da Esta. Debora alƙaliya ce, tana zama a gindin itacen dabino tsakanin Rama da Betel, Bani Isra'ila suna kawo mata shari'a, kuma jarumin yaƙi Barak ya ce ba zai fita ba sai da ita. Hulda ce Sarki Yosiya ya aika wa manyan fadawansa lokacin da aka tsinci littafin shari'a a Haikali. Daga yadda Hannatu ta yi addu'a, leɓunanta suna motsi ba a jin muryarta, malamai suka ciro ladubban sallarsu. Ungozomomi biyu, Shifra da Fuwa, su suka ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza, har Talmud ya ce albarkacin mata salihai aka fitar da Bani Isra'ila daga Masar. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar kuwa zuwa suka yi gaban Annabi Musa suka nemi gadon ƙasar mahaifinsu da ya mutu bai bar ɗa namiji ba, hukunci ya sauko cewa gaskiyarsu ce. A tarihi ma sarauniya Salome Alekzandra ta mulki Yahudiya daga shekara ta 76 zuwa 67 kafin miladiyya, kuma malamai sun tuna zamaninta da ruwan sama a kan kari da alkama mai manyan ƙwayoyi.

Ga ɗaya gefen. Mishna ta ɗauke wa mata ibadun da aka ɗaure da lokaci, a hankali ɗaukewa ta zama hani a aikace. Ba a karɓar shaidarsu a yawancin shari'o'i. A addu'ar safe namiji yana godiya da ba a halicce shi mace ba. Rabbi Eliyezar ya ce mai koya wa 'yarsa Attaura shirme yake koya mata, ko da yake Ben Azzai, a wuri guda, ya ce wajibi ne uba ya koyar da ita. Ra'ayin Eliyezar ne ya yi rinjaye ƙarnoni da dama. Debora ma sai da masu sharhi suka nema mata uzuri: wasu suka ce jama'a ce ta yarda da ita da kanta, wasu suka ce koyar da hukunci take yi ba yanke shi ba. Ki lura da wannan sosai: ɓangaren littafin Musa bin Maimun da ya hana toshe idon ruwa a babi na 6, shi ne a babinsa na farko ya ce ba a naɗa mace sarauta, kuma duk wani muƙami na jama'a namiji ake ba wa.

Abin da ya buɗe ƙofa karatu ne. A ƙarni na 2 an yi Beruriya, matar Rabbi Mayir, wadda Talmud ya ruwaito tana gyara wa mijinta fahimtar aya: ta ce masa kada ya roƙi halakar masu zunubi, ya roƙi ƙarewar zunubin. A ƙarni na 17, a Mosul ta ƙasar Kurdawa, an yi Asenat Barzani. Mahaifinta shugaban makaranta ne da bai haifi namiji ba, sai ya karantar da ita, ya kuma sa mijinta ya yi rantsuwa ba zai shagaltar da ita da aikin gida ba. Da mijin ya rasu ita ta riƙe makarantar, maza suna ɗaukar karatu a gabanta. Duk lokacin da na koyar da tarihinta Nana Asma'u 'yar Shehu nake tunawa, ita ma a gaban mahaifinta da 'yan uwanta ta buɗe ido cikin littattafai. Amma irin su Asenat ɗaiɗaiku ne, 'ya'yan malamai. Sauran matan Yahudawan Turai addu'o'insu na harshen gida, Yidish, suke karantawa, domin ba a koya musu Ibrananci mai zurfi ba.

Wadda ta mai da abin na kowa wata maɗinkiya ce a birnin Krakow na Poland, Sarah Schenirer. Ta ga 'yan mata suna zuwa makarantun gwamnati suna barin addini, alhali 'yan uwansu maza suna makarantun Talmud. A 1917 ta tara 'yan mata a ɗakinta ta fara koyar da su. Manyan malaman Otodoks suka sa mata albarka, suna cewa zamani ya canza, barin 'ya mace ba karatu ya fi haɗari. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu makarantunta, Bais Yaakov, sun haura 200. Ita ba ta nemi kujerar malanta ba. Amma yarinyar da ta iya karanta nassi da kanta, wata rana za ta tambayi inda aka rubuta cewa ba za ta koyar da shi ba.

Wannan tambayar ce Regina Jonas ta yi a Berlin, ta rubuta kundinta a kan ko shari'a ta yarda mace ta zama rabbi, ta kammala da cewa al'ada ce ta hana, ba nassi ba. A watan Disambar 1935 Rabbi Max Dienemann ya ba ta ijaza, ta zama mace ta farko da aka naɗa. 'Yan Nazi suka kai ta sansanin Theresienstadt a 1942, inda ta ci gaba da wa'azi da lallashin sababbin fursunoni, sannan suka kashe ta a Auschwitz a 1944. Aka manta da ita kusan shekara 50, sai bayan faɗuwar katangar Berlin aka gano takardunta a wata ma'ajiya ta gabashin birnin. 'Yan Rifom a Amurka suka naɗa Sally Priesand a 1972, 'yan Konsabatib suka naɗa Amy Eilberg a 1985. A waɗannan ɓangarori yau mace tana jan salla, tana ɗaura aure, tana shugabantar makarantar horar da malamai.

A wurin Otodoks tafiyar a hankali take. Nechama Leibowitz, wadda ta rasu a 1997, ta karantar da dubban mutane tafsirin Attaura ta hanyar takardun tambayoyi da take aikawa a gidan waya tana gyarawa da hannunta, manyan malamai suna cikin ɗalibanta, amma sunan da ta yarda a kira ta da shi malama kawai. A ƙarshen shekarun 1990 makarantar Nishmat a Birnin Ƙudus ta fara yaye mata masu ba da amsa a kan hukuncin haila da wankan tsarki, domin mace ta fi sakin jiki ta tambayi 'yar uwarta. A 2009 Rabbi Avi Weiss ya naɗa Sara Hurwitz a New York, ƙura ta tashi, manyan ƙungiyoyin Otodoks na Amurka suka fitar da matsaya a 2015 da 2017 cewa ba su yarda mace ta riƙe muƙamin rabbi ba.

To ina batun ƙasa da mace abu ɗaya ne? Yana da tushe. Kalmar Shekina, wato kusancin Ubangiji da yake sauka a tsakanin bayinsa, 'yar uwar kalmar Sakina ce da ta zo a Alƙur'ani a ƙissar akwatin Bani Isra'ila, kuma tamace ce a nahawun Ibrananci. Littafin Zohar, wanda ya bayyana a Sifen a ƙarshen ƙarni na 13, ya siffanta ta da wata, da rijiya, da gonar tuffa, da uwa mai bin 'ya'yanta gudun hijira. Malaman Safad sukan fita bayan gari da yammacin Juma'a su tari Asabar kamar yadda ake tarar amarya. Kalmar jinƙai, rahamim, daga rehem take, wato mahaifa, kamar rahama da rahimi a Larabci. Talmud ya ce rijiyar da ta bi Bani Isra'ila cikin hamada albarkacin Maryamu ce, yayar Annabi Musa, wadda ta ɗauki bandiri ta ja mata waƙa bayan ƙetare teku. Tsayuwar jinjirin wata hutu ne na mata tun da, wai ladan ƙin ba da 'yan kunnensu a ƙera ɗan maraƙi. Wankan tsarkin mace ma ba ya inganta sai a kwarmin da aka tara da ruwan sama ko na marmaro.

Duk da haka, ni ban yarda da cewa girmama ɗaya yana jawo girmama ɗayar ba, kuma tarihinsu ne ya hana ni yarda. Zohar maza suka rubuta shi, maza suka karanta shi, babu mace a zauren. Ga kuma Rabbi Abraham Kook, wanda ya rasu a 1935. Da wuya a sami malami a zamaninsa da ya kai shi son halitta. Shi ya rubuta littafi sukutum a kan hutun ƙasa, ya kuma yi hasashen ranar da 'yan Adam za su daina cin nama. Amma da aka tashi zaɓen majalisar Yahudawan Falasɗinu a 1919 da 1920, fatawa ya ba da cewa mata ba za su yi zaɓe ba, ba kuma za a zaɓe su ba. Wanda ya tsaya wa mata shi ne Rabbi Ben-Zion Uziel, kuma ba da wata ko rijiya ya kafa hujja ba. Cewa ya yi mace an halicce ta da hankali kamar namiji, kuma ba adalci ba ne a ɗora mata biyayya ga shugabannin da ba ta da baki a zaɓensu. Kamanta mace da wata yana da daɗin ji, sai dai a wannan kamancen wata ba shi da hasken kansa, na rana yake karɓa, kuma haka masu Kabbala suka fassara shi.

Haɗin da kika karanta sabon gini ne da tsohon tubali. Matan Yahudawa na Amurka, daga shekarun 1970, su suka ɗauko waɗannan alamomi suka ba su sabuwar ma'ana, bayan sun riga sun sami karatu. Suka farfaɗo da taron jinjirin wata. Suka ƙara kofin ruwa na Maryamu a teburin Idin Ƙetarewa, idin tunawa da fita daga Masar, kusa da kofin Annabi Iliya. Ellen Bernstein ta kafa ƙungiyar Shomrei Adamah, ma'ana masu tsaron ƙasa, a 1988, ta farko irinta a tsakanin Yahudawan Amurka, daga baya ita ma ta zama rabbi. A 1988 ɗin dai wasu mata suka fara taruwa duk tsayuwar wata a Katangar Yamma ta Birnin Ƙudus, wadda Musulmi ke kira Katangar Buraƙa, suna salla da murya, kuma an sha kama wasunsu saboda yafa mayafin salla na maza. Idan za ki rubuta wannan a aikinki, ki rubuta shi da shekarunsa da sunayen masu shi, kada ki jingina shi ga Attaura kai tsaye.

Inda igiya ta fi tsauri har yanzu shi ne saki. A shari'arsu aure ba ya mutuwa sai miji ya miƙa takardar saki da yardarsa. Rabbenu Gershom, wajen shekara ta 1000, ya hana Yahudawan Turai auren mace fiye da ɗaya da sakin mace ba da yardarta ba, amma bai taɓa wancan sharaɗin ba. Matar da mijinta ya ƙi ba ta takarda ana kiranta aguna, wato ɗaurarriya, ba ta da aure ba ta kuma iya yin wani, wata ta shekara goma a haka. A Isra'ila, inda auren Yahudawa da sakinsu suke hannun kotunan malamai, tun farkon shekarun 1990 aka fara horar da mata masu tsaya wa irin waɗannan a gaban alƙalai, da hujjojin Talmud a bakinsu. A Amurka kuwa malaman Otodoks da yawa ba sa ɗaura aure sai ango ya sa hannu a wata yarjejeniya, cewa idan zama ya ƙare ya riƙe takardar, zai riƙa biyan matar dala 150 kowace rana har ranar da ya miƙa ta.